Bakin da Iska Ta Bi

A Houma, inda ƙasa da ruwa ba su gama rabon gado ba,
na shiga shagon Lucien Pitre da safiyar Talata,
takardar inshora a jakata, ta yi laushi don yawan ninki.
Ƙyauren gareji bakwai ya jingine da bango,
kowanne ya sha fenti, yana jiran a yaba.

Ya ce, Madam Theriot, wanne ya kwanta miki?
Na ce, ba kyau na zo saye ba.
Bara waccan ina da kyakkyawa,
fari, sakayau, yatsa ɗaya ke ɗaga shi.
Ovide ya samo shi da rangwame,
ya yi mako yana yabon wayonsa.

Daren guguwa muna cikin bahon wanka, katifa a kanmu,
muka ji ƙyauren yana numfashi,
ya lotsa ciki, ya kumburo waje, ya lotsa,
sannan ya naɗe kamar murfin gwangwanin kifi.
Iska ta samu baki.
Ta hura gidan kamar balan-balan,
ta sa kafaɗa ta ɗage rufin,
muka ga sama daga banɗaki.
Ragarsa ta kamun jatan lande
a saman bishiyar coci aka tsinto ta.
Ovide bai ga bazarar gaba ba.
Likita ya ce zuciya ce.
Ni na san ƙyaure ne.

Lucien bai ja ta'aziyya da tsawo ba, na ji daɗin haka.
Ya juyo mini bayan na uku.
Gaba na masu wucewa ne, in ji shi, baya ne na iska.
Na ƙirga haƙarƙarin ƙarfe shida a gicciye,
na ƙwanƙwasa, ya amsa da murya ƙasa-ƙasa
irin ta wanda ba ya son surutu.
Ya nuna mini a waya yadda suke gwaji:
a ɗura gungumen katako a bakin igwa,
a harbo shi tsakar ƙyauren.
Ya lotsa, bai huje ba.
Na ce ya sake kunnawa. Sau uku na kalla.

Coralie ta bugo daga Baton Rouge:
Mama, ɗauki mai tagogi, haske ya riƙa shiga.
Gilashin ma an gwada shi, Lucien ya sa baki.
Na ce haske ya san hanyar kicin.
Wanda maciji ya sara ba ya ciniki da tsumma.

Sai ga maganar da ban so ji ba:
ƙyaure ba ya fin madogararsa ƙarfi.
Sai an cire tsohon layin da yake gudu a kai,
a huda kankare, a kafa noti mai tsawon tafin hannu,
in ba haka ba, in ji shi,
kin sa wa bukkar kara sakatar kurkuku.

Dala dubu huɗu da ɗari biyu.
Na yi shiru, ina lissafi da leɓe.
Daidai kuɗin injin jirgin Ovide,
wanda na sayar wa ɗan ƙanensa a watan Maris,
har da ragowar talatin.
Ba a fafe gora ranar tafiya,
Yuni kuwa saura kwana tara.
Na sa hannu. Biron ya ƙi, ya ba ni nasa.

Ran Juma'a suka kafa shi, mutum uku, har la'asar.
Launinsa toka-toka, ba ya burge kowa.
Na samo rabin gwangwanin koren fenti na jirgin
a inda ruwa bai kai ba,
bai ishi duka ba, falle biyu na ƙasa ya rufe.
Maƙwabciyata ta tambaya yaushe zan ƙarasa.

Yanzu in rediyo ya ce wani abu na juyawa a teku,
nakan fita da silifas in ɗora tafi a kansa.
Sanyi kawai nake ji.
Ba ya numfashi.